Amsa ga Yaya Rabi kan ƙattin da ke kallon katun ɗin yara

Assalamu alaikum Yaya Rabi, ya gida ya yara, ya ƙoƙari.

Tunda a rediyo kika bugo kika yi tambayar duk gari na ji, kuma mai gabatarwa ya katse mu saboda lokacin labarai ya yi, na ga gara amsar ma in ba da ita a fili kowa ya gani. Abin da kika tambaya shi ne wai da gaske ne a ƙasar Turawa akwai ƙatti da gemunsu da ke zama su kalli katun ɗin dawakan nan da 'yan matanki ke kallo a waya, har suna cewa ya gyara musu hali? Kuma in gaske ne, lafiyarsu ƙalau kuwa, ko dai daudu ne ko tsabar rashin aikin yi?

Gaske ne Yaya, ba ƙanzon kurege ba ne. Suna nan, brony suke kiran kansu, kuma akwai lokacin da yawansu ya ba kowa mamaki har shi kamfanin da ya yi katun ɗin.

Sunan shirin My Little Pony: Friendship Is Magic, an fara haska shi ran 10 ga Oktoba 2010 a wata tashar yara ta Amurka mai suna The Hub, aka rufe shi a Oktoban 2019 bayan zango 9, fitowa sama da 200, kowacce kamar minti 22. Mai shi kamfanin Hasbro ne masu kayan wasan yara, tun 1983 suke sayar da 'yan dawakan roba masu launi-launi da dogon gashi da yarinya za ta riƙa tajewa, kuma kar ma mu yaudari kanmu, katun ɗin talla ce, an yi shi ne don yarinya ta gani ta tasa ubanta gaba sai ya siyo mata. Sai dai aka yi dace matar da suka ba aikin, Lauren Faust, ƙwararriya ce, da ita aka yi katun ɗin Powerpuff Girls a da, kuma ta daɗe tana jin haushin yadda ake yi wa yara mata katun na raini, daga shan shayi sai kwalliya sai dariya ba dalili. Ita so ta yi ta nuna mata kala-kala ne, akwai mai karatu akwai 'yar ƙarfi akwai mai kunya akwai sarkin surutu, kuma ta yi shi yadda uwa ko uba in sun zauna kallo da 'yarsu ba za su ji kamar azaba ake musu ba. Iyaye ta nufa, ba ta san samari gwauraye ne za su cika wurin ba.

Yadda abin ya soma ma abin dariya ne. Wani marubuci ya yi rubutu yana kukan cewa zamanin katun mai inganci ya wuce tunda yanzu kamfanonin kayan wasa ne ke juya komai, ya kawo wannan shirin a misali, sai samarin dandalin intanet na 4chan, wanda an san shi da rashin kunya da shaƙiyanci, suka ce bari mu kalla mu samu abin tsokana. Suka kalli na ɗaya, suka kalli na biyu, kafin ka ce kwabo masu zuwa tsokana sun koma masu jiran fitowar sati. A Janairun 2011 aka buɗe shafin Equestria Daily na labaran shirin zalla, a Yunin shekarar aka yi taronsu na farko BronyCon a New York da mutum wajen 100, daga baya taron ya koma Baltimore, a 2015 ya haura mutum 10,000, haka ma na ƙarshe da aka yi a 2019. Har sojoji akwai a cikinsu, masu kaki sosai ba 'yan wasa ba.

Maganar daudu kuwa, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Patrick Edwards da Marsha Redden, sun bi su da tambayoyi, abin da suka samu mafi yawansu maza ne 'yan wajen shekara 21, ɗalibai ko waɗanda suka yi karatu, ba su yi aure ba, kuma mafi yawa mata suke so kamar kowane namiji. To wannan zargin dai bai zauna ba. Rashin aikin yi kuma ban ce babu ba, amma wanda ya biya kuɗin jirgi da otal da tikitin taro na kwana uku ai yana da inda yake samu.

Yanzu me ke ciki da har ya kama su haka. Goɗiyoyi ne shida ƙawayen juna a wani ƙaramin gari, kowacce da halin da aka san ta da shi. Applejack manomiya ce, ita ce gaskiya. Rainbow Dash mai fukafukai ga cika baki, amma ba ta yar da aboki, ita ce amana. Rarity tela ce 'yar gayu, ita ce kyauta. Fluttershy tausayi, Pinkie Pie raha da sa mutane dariya, sai Twilight Sparkle 'yar boko da malamarta, sarauniyar ƙasar, ta tura garin don ta fita daga ɗakin littattafai ta koyi zama da mutane, a farkon shirin kusan duk ƙarshen fitowa sai ta rubuta wa malamar wasiƙa ta faɗi abin da ta koya. Kin ga babu wani sabon abu a nan, gaskiya da amana da kyauta da tausayi ai su Inna ta rene mu da su ba tare da doki ko ɗaya ba.

Amma inda na sara wa marubutan shi ne ba sa tsayawa a ce gaskiya na da kyau a tafa a tashi. Halin kirkin kowacce shi ne kuma yake jefa ta a matsala. Akwai fitowar da yayan Applejack ya ji ciwo lokacin girbin tuffa, ta rantse ita kaɗai za ta girbe gonar, ƙawaye suka yi ta cewa mu taya ki tana cewa a'a, ga rashin barci ga gajiya har ta fara ɓarna a gari, duk alƙawarin da ta ɗauka sai ta kwaɓa shi, sai da ta kai maƙura sannan ta iya buɗe baki ta ce ku taimake ni. Yanzu Yaya dan Allah wa wannan ya fi dacewa da shi, 'yar shekara 6 ko magidancin da bashi ya yi masa katutu amma girman kai ya hana shi faɗa wa ko ɗan'uwansa? Akwai wadda Rarity ta ɗinka wa ƙawayen kayan biki kyauta, kowacce ta zo da nata gyaran, sa min kaza cire min kaza, ita kuma don kar ta ɓata musu rai ta bi son ransu, kayan suka fito abin kunya aka yi ta mata dariya a gaban jama'a, a nan laifin na masu karɓar kyauta ne da ba su san ya isa ba. Akwai kuma ta Zecora, jakar dawa ce baƙuwa daga wata ƙasa, da ganin adonta da ɗakinta kin san Afirka aka kwaikwayo, duk garin na rufe ƙofa in ta shigo kasuwa wai mayya ce, ashe mai maganin gargajiya ce kuma ita ce ma ta warkar da su daga abin da suke zarginta da shi. Kusan duk labaran a kan saɓani tsakanin masoya ne da yadda ake gyarawa, wa zai fara ba da haƙuri, yaya ake faɗa wa aboki ya yi ba daidai ba ba tare da an rabu ba. Har wani mugu a cikin shirin mai suna Discord, daga baya ta hanyar haƙurin Fluttershy aka shawo kansa, kuma bai zama waliyyi dare ɗaya ba, ya sake cin amana aka sake zama da shi.

A ganina nan ne sirrin yake. Saurayi a can zai iya gama sati daga aiki sai ɗaki sai kwamfuta, an kuma rene shi a kan namiji ba ya nuna rauni, ba ya cewa kaɗaici ya dame ni, to sai ga wani abu da ke magana kan abota ƙarara ba kunya, ga kuma dubban irinsa da za su yi hira a kai. Da yawansu in suna ba da labari ba dokin suke yabo ba, cewa suke a nan na samu abokai. Kuma mu da muke da ƙattin da ke ƙin cin tuwo don an ci Arsenal, wasu har gaba suke da maƙwabci saboda Madrid da Barcelona, ban ga bakinmu na yi wa wani dariya don ya so abin da ba zai ƙare shi da komai ba.

Sun yi abin kirki kuma, ba a hana su. Wata ƙungiyarsu Bronies for Good ta shirya ba da jini, ta tara kuɗi don aikin asibiti a Uganda da taimakon marasa galihu a Burundi, wata kuma ta kafa tallafin karatu a CalArts, makarantar zane ta Kalifoniya inda ita Faust ɗin ta yi karatu. A 2014 da wata makaranta a jihar North Carolina ta ce wa wani yaro ɗan shekara 9 ya daina zuwa da jakarsa mai hoton Rainbow Dash wai ita ke jawo masa duka, maimakon a hukunta masu dukan, suna cikin waɗanda suka yi ta surutu har makarantar ta janye.

To amma fa ban yarda da su duka ba, kuma nan ne nake so ki saurare ni da kyau tunda ke uwa ce. Takensu wai ƙauna da haƙuri da kowa, sai haƙurin ya zama ba a iya cewa kowa kai bari. Wasu cikinsu suka riƙa zana waɗannan dawakan na yara a siffar batsa suna zubawa a intanet, har ya kai yarinya in ta rubuta sunan wadda take so tana neman hoto za ta iya cin karo da abin da ko babba sai ya kau da kai. Wasu daga cikinsu sun yi ƙoƙarin bi suna kai rahoton irin hotunan don a ɓoye su, na yaba, amma ɓarnar ta riga ta yi yawa. A 2020 kuma mujallar The Atlantic ta yi dogon rahoto kan yadda masu aƙidar fifita farar fata suka samu gindin zama a cikinsu shekara da shekaru ana kallonsu ana shiru da sunan kar a kori kowa. Yo mutumin da ya kalli labarin Zecora ya tashi ya zana tutar Nazi, me ya koya? Shi ya sa in wani ya ce min katun ya gyara masa hali ba na musu, ba na kuma gaskatawa, sai na ga yadda yake yi da mutane.

Wani abin da ke ɗan sosa min rai ma ko masu kirkin cikinsu ba su cika lura da shi ba. Abin nan na yara mata ne, su da dama ba a cika yi musu abu mai kyau ba, da aka yi musu guda ɗaya sai ga maza manya sun cika layin gaba, su ake hira da su a jarida, su aka yi wa fim na musamman a 2012, kamfani ya ga masu albashi ya fara buga riguna saiz ɗin manya, fitowa ta 100 a 2015 ma kacokan an yi ta ne kan 'yan dawakan bayan fage da manyan suka ƙirƙira wa labari a intanet, wanda ƙaramar yarinya ba ta san da zancen ba. Ni a wurina babban da ke kallo bai yi abin kunya ba ko kaɗan, amma ya san shi baƙo ne a wurin, ya zauna a baya, ya kama bakinsa da alƙalaminsa saboda masu wurin na nan. Wanda ya yi haka ba ni da matsala da shi ko gemunsa ya kai cibiya.

Su 'yan matanki kuma ki bar su su kalla, ni ban ga abin ɓata tarbiyya a shirin kansa ba, sai abu biyu. Na farko akwai sihiri a ciki sosai, dawakai masu ƙaho a goshi da shi suke ɗaga kaya suke ɓacewa, sarauniyar ma wai ita ke fito da rana, wannan sai kin zauna da su kin faɗa musu tatsuniya ce, rana Allah ne ke fito da ita, kar ki bar wa katun wannan bayanin. Na biyu kar ki miƙa musu waya su shiga neman hotuna ko bidiyo da kansu, ki sauke musu fitowar da kika tabbatar ta asali ce ki kashe data. In kin samu sarari ki kalli ta girbin tuffar nan tare da su, tana farko-farkon zango na 1, in Abban su Ummi na gida ma ki ja shi ya zauna ko zai yi ta gunaguni.

A gaida shi, a shafa min kan auta.

Ƙaninki.