Malam, ɗalibaina sun haddace kalmomin haɗa zance amma insha'insu bai haɗu ba

Assalamu alaikum Malam, ina yi maka fatan alheri da kai da abokan aikinka na wannan shiri, Allah Ya ƙara basira. Ni malamar makarantar sakandare ce a Funtuwa, NCE ɗina Hausa da Ingilishi na haɗa shi ya sa duka biyun nake koyarwa a ajin SS3, kuma akwai abin da yake damuna sosai game da rubutun insha'i na yaran nan, ga WAEC tana tafe a watan Mayu da Yuni, NECO kuma na biye da ita.

Matsalar ita ce kalmomin nan da ake haɗa magana da su, irin su amma, sai dai, duk da haka, saboda haka, bugu da ƙari, har ila yau, daga ƙarshe. Ba wai ba su san su ba ne fa Malam, sun san su har sun yi yawa. Yawancinsu suna zuwa lesin da yamma, a can ake ba su jerin kalmomin a takarda a ce su haddace, wai kowane sakin layi a buɗe shi da guda ɗaya, mai makin takardar jarabawa zai ba da maki, to sai yaro ya zo yana liƙa su duk inda ya ga dama ba tare da ya duba ko maganar da ke gaba da ta baya suna da wannan dangantakar ba. Na ba su insha'i a kan ambaliyar ruwa wata ta rubuta min "An yi ruwa mai yawa bana. Bugu da ƙari gidajen ƙasa sun rushe." Na ce mata ƴata, rushewar gidajen ƙari ne a kan ruwan ko ruwan ne ya jawo ta? Nan take ta ce ruwan ne ya jawo, kenan ta san amsar, kalmar "saboda haka" ya kamata ta sa, amma hannunta ya tafi kan wadda ta fi jin daɗin faɗa. Wani kuma a kan shaye-shaye ya ce yana lalata lafiyar matasa, amma yana jawo talauci. Ina amfanin amma a nan, alhali duka biyun illa ce? A Turancin abin ya fi muni, however da moreover da furthermore a jere kamar an zuba tsakuwa a shinkafa, har akwai mai rubuta in conclusion sannan ya ci gaba da kawo sababbin hujjoji har sakin layi biyu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yaran nan in suna magana da baki ba sa kuskuren nan ko kaɗan. Ka tsare yarinya ka ce me ya sa kika makara, za ta ce Malama na fito da wuri, sai dai ban samu napep ba, shi ya sa na tako da ƙafa, duk da haka ai na riga wasu. Ka ga komai ya zauna a inda ya dace, sai dai ɗin nan da shi ya sa da duk da haka babu wanda ta sa a wurin ɗan'uwansa. Da zarar an ce ɗauki biro shikenan sai tunanin ya tsaya haddar ta karɓi aiki. Waɗanda ba sa zuwa lesin kuma nasu salon daban, salon tatsuniya ne, sai kaza sai kaza daga nan sai kaza tun daga farko har ƙarshe, a Turanci ya koma and then and then, wannan a insha'in labari da sauƙi amma a na muhawara ba ya tafiya sam, don muhawara tana son dalili da sakamako da kawo maganar abokin hamayya a rushe ta. Har da mai sa min "a wani labarin kuma" a tsakiyar wasiƙa, na san a labaran rediyo ya ji.

Ni a ganina Malam ba kalmomin ne matsalar ba, yaron ne bai tsaya ya tambayi kansa mene ne tsakanin wannan jimlar da waccan ba, ƙari ce ko saɓani ko dalili ko misali. Shi ya sa nake tunanin in hana su amfani da manyan kalmomin nan na ɗan lokaci, su rubuta jimlolinsu zalla, sannan mu zauna a aji mu riƙa ɗaukar biyu-biyu ina tambaya da Hausa me ya haɗa su, in sun faɗa da bakinsu sai mu nemo kalmar da ta dace, mu fara da Hausar in ta zauna mu tsallaka Turanci. To da na faɗa wa wani abokin aikina da ya girme ni a koyarwa sai ya ce kar in soma, lokaci ya ƙure, kuma a insha'in Turanci na WAEC mai kalmomi wajen 450 maki 50 ne, 10 na tsari ne 20 na iya sarrafa harshe, ya ce mai makin yana da tulin takardu a gabansa in ya hango kalmomin nan zai ɗauka rubutun a tsare yake, gara yaro ya sa ko ba daidai ba da a ga babu. Ni kuma hankalina bai kwanta da wannan ba, ai wanda ya san aikinsa in ya ga therefore a inda babu dalili rage maki zai yi, kuma ko an ci jarabawar yaran nan gobe su ne za su rubuta takardar neman aiki da rahoto a ofis, wasu ma su koyar da wasu.

Don Allah Malam ka ba ni shawara tunda ka daɗe a harkar nan. In bi hanyar da nake tunani ko lokacin ya yi kaɗan in bari sai ƴan SS1 da SS2? Fara koyar da abin da Hausa zai taimaka wa Turancinsu ko zai ƙara rikita su ne, tunda ba kowace kalma ce take da takwararta daidai ba? Sannan ajin cike yake maƙil, ba zan iya bin littafin kowa layi-layi duk mako ba, akwai dabarar da za su riƙa duba na junansu ba tare da mai kuskure ya koya wa ɗan'uwansa kuskure ba? Sai maganar masu lesin, iyaye kuɗi suke biya kuma yaran sun fi yarda da abin da aka biya kuɗi a kansa, yaya zan gyara abin da aka koya musu a can ba tare da ya zama kamar ina ɓata sana'ar wani ba?

In da hali a amsa min a shirin mako mai zuwa, zan ce wa ɗaliban su ma su saurara. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
wata malama daga Funtuwa