Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Horar Da Malaman Gobe

Mai girma Minista, assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni hedimasta ne a wata firamaren gwamnati, kuma duk shekara ana turo mana ɗaliban NCE, wato masu karatun malanta a kwalejojin ilimi, su yi gwajin koyarwa. Kukana a kansu yake.

Yaran nan suna zuwa da hadda. Ka tambaye su Piaget ko Pavlov, masanan da suka yi bincike kan yadda ake koyo, za su zuba maka kamar karatun sallah. Amma ka tsayar da ɗayansu gaban 'yan aji biyu, yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa, wasu a bakin taga, sai ido ya raina fata. Ya yi tsawa, muryarsa ta dishe, daga nan sai bulala, ko ya naɗa monita ya rubuta sunayen masu surutu. Ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa, ya juyo ya ce "Kun gane?", aji ya amsa "Mun gane!", alhali na baya ko harafi ba su bambance ba. Ba laifinsa ba ne. Ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake raba aji rukuni-rukuni, yadda ake sa mai ƙoƙari ya ja mai rauni, ko yadda ake dawo da hankalin yara da tafi ko waƙa. Ba a nuna masa cewa ɗan shekara bakwai ba ya iya zaman minti talatin yana sauraro hannunsa bai taɓa komai ba, ko cewa yaron da ya zo bai karya kumallo ba, ba taurin kai ke damunsa ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Da wannan ajin na kan takarda ake horar da su, sannan a jefa su cikin na gaskiya. Gwajin koyarwar da ya kamata ya cike giɓin, zango guda ne a shekarar ƙarshe, shi ma ya zama cika sharaɗi. Na ga malamin da aka turo dubawa ya leƙa aji, ya duba littafin tsara darasi, ya ba da maki, ya wuce wata makarantar don kuɗin mota ba su isa ya dawo ba. Ɗalibin bai ji inda ya yi daidai ba, balle inda ya kauce.

Ranka ya daɗe, ka san alkawuran. A ranar 5 ga Oktoba 2020, Ranar Malamai ta Duniya, gwamnati ta ce TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, za ta ɗauki nauyin gwajin koyarwa. A 2021 aka ambaci alawus na naira 50,000 kowane zango ga ɗaliban NCE, da 75,000 ga masu digirin ilimi. Gwamnati ta canja hannu, amma alkawari bai mutu ba. Ina maganar ta kwana? Waɗanda ke zuwa wurinmu da kuɗin iyayensu suke sayen kwali da makar yin kayan koyarwa, wasu a ƙafa suke zuwa.

Da malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu a Kaduna a 2017, ƙasa ta ɗauka, aka yi ta zagin malamai. Wa ya koma ya tambayi yadda aka horar da su? Yanzu kuma an ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri. Madalla, amma digiri ba ya zaunar da aji.

Don Allah, mai girma Minista, ka umarci Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ta sa ɗalibi ya fara shiga aji tun shekararsa ta farko, yana kallon gogaggen malami kafin a danƙa masa alli. Muna da irin waɗannan malaman, musamman tsofaffin 'yan Grade II, masu shaidar malanta ta da, da ke gab da ritaya. A naɗa su iyayen gida ga ɗaliban, a biya su. A koyar da riƙe babban aji a matsayin darasi mai zaman kansa da ake jarrabawa a gaban yara, a shigar da dabarun koyar da karatu da Hausa irin waɗanda aka gwada a Bauchi da Sakkwato. Kuɗin dubawa kuma a sake su kafin zango ya fara.

Wassalam,
Wani hedimasta daga Arewa