Ba haka ake karanta taswirar guguwa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Gaskiya raina ya ɓaci da abin da mai gabatar da shirinku na daren Talata ya yi da taswirar guguwar nan da ke haɗuwa a tekun Atlantika. Ya ɗora yatsa a kan layin tsakiya ya ce wai nan za ta bi, sannan ya zagaya farin zanen nan mai kama da mazurari ya ce duk wanda ke wajensa ya kwanta ya yi barcinsa. Haba dan Allah! Wannan magana ce da za ta iya jawo asarar rai, kuma baƙon da kuka gayyato yana zaune yana ta gyaɗa kai bai ce uffan ba.

Wannan mazurarin fa ba girman guguwar yake nunawa ba. Cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami ce ke zana shi, kuma abin da yake nunawa kawai shi ne inda ake zaton tsakiyar guguwar za ta iya bi. Faɗinsa daga kurakuran hasashensu na shekara biyar da suka wuce suke lissafo shi, yadda kusan sau biyu cikin uku tsakiyar za ta faɗo a ciki, ka ga ke nan su da kansu sun yarda sau ɗaya cikin uku za ta iya fita waje. Shi ya sa yake ƙara buɗewa, hasashen gobe ya fi na kwana biyar tabbas. Ruwan sama da iska da tumbatsar teku kuwa babu ruwansu da wani zane, suna kaiwa ɗaruruwan kilomita daga tsakiyar.

Ba a bakin wani na ji ba. Ƙanena yana aiki a yankin Fort Myers a jihar Florida lokacin guguwar Ian a 2022. Ya turo min hoton irin wannan taswirar a WhatsApp, layin ya doshi wajen Tampa, ya rubuta a ƙasa "Yaya kar ka damu, ba mu za ta taɓa ba". Ni ma na saki jiki na je na kwantar wa mahaifiyarmu hankali da wannan layin. Alhali garin nasu yana nan a gefen mazurarin, ba wanda ya kalli gefe, kowa layi yake kallo. Sai layin ya dinga sakkowa kudu kaɗan kaɗan, ranar 28 ga Satumba ta sauka a kansu a mataki na 4 cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, da iskar kusan kilomita 240 a awa, teku ta shigo gari. Wayarsa ta daina shiga. Mahaifiyarmu ta kwana a zaune da waya a hannu, in ta yi ƙara ko ta wani ce sai ta zabura ta ce shi ne? Da Allah ya sa muka same shi muryarsa ma rawa take, ya ce a benen wani maƙwabci suka fake, yana leƙowa yana ganin ruwa ya shanye motarsa sai rufinta. Shi ya tsira, amma sama da mutum 100 sun rasu a Florida. To ka ce in zauna in ji wani a talabijin yana maimaita irin maganar da ta sa yaron nan bai tashi da wuri ba?

Sannan mai gabatarwar ya ƙara da cewa ai guguwar ta yanzu ƙarama ce, ko mataki na 1 ba ta kai ba. Masana da kansu suna faɗa cewa hasashen ƙarfi ya fi hasashen hanya wuya nesa ba kusa ba. Hanya manyan iskokin da ke kewaye ne ke tuƙa ta, kwamfutocin Turai da na Amurka sun ƙware wajen ganinsu. Ƙarfi kuwa ya danganta da abin da ke faruwa a cikin cikinta, da ɗumin ruwan teku in ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, da ko iskar sama za ta sare mata kai, da ko busasshiyar iska za ta shige ta. Har jirage suke turawa su kutsa ciki su saki na'urorin awo, duk da haka wani lokacin ta shammace su. A Oktoban 2023 guguwar Otis da safe ƙarama ce irin wannan da ya raina, kafin dare ya raba ta kai mataki na 5, jim kaɗan bayan tsakar dare ta afka wa birnin Acapulco a Mexico da iskar da ta haura kilomita 250 a awa, babu hasashen da ya hango haka. Kuma matakan nan 1 zuwa 5 iska kaɗai suke aunawa, alhali ruwa ya fi iska kisa a irin waɗannan guguwoyi.

Taswirar ma da ya nuna ta safe ce, a jikinta an rubuta lokaci, su kuma duk awa shida suke fitar da sabuwa. Akwai masu kallonku ta intanet da ke zaune a waɗannan gaɓar tekun, akwai iyayensu da ke jin abin da kuka faɗa su ɗauki waya su kira su. Ina roƙo ku gyara maganar nan a shiri na gaba, da bakin shi wanda ya yi ta, ba a rubutun da ke gudu a ƙasan allo ba.

Wani abu kuma tunda na riga na rubuto, ku yi wa Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin labarai, yana danne muryar mai karantawa, dattawa ba sa jin komai. Kuma masu kira ta waya ku dinga barin su gama magana kafin ku katse, ran nan wata baiwar Allah sallama kawai ta yi layin ya tafi.

Na gode,
Mai kallonku a kullum.