Allura Ɗaya Ga Yara Aji Guda? Ku Gyara Maganar Nan

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi raina ya ɓaci da abin da baƙonku ya faɗa a shirin kimiyya na gidan rediyonku ranar Asabar, kuma abin da ya fi damuna shi ne mai gabatarwa bai ko tare shi ba. Wai idan makaranta ba ta da kuɗi, malami ya samo allura guda, ya riƙa goge ta da auduga da sifirit yana huda yatsun ɗalibai don su san rukunin jininsu. Haba! Ajin da ake cusa yara saba'in ko fiye, a bi su da allura ɗaya?

Ni malamar Bayoloji ce a sakandaren 'yan mata, na san halin da muke ciki na rashin kayan aiki, ba sai an gaya min ba. Amma talauci ba hujja ba ce ta wasa da jinin 'ya'yan mutane. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, ko a busasshen jini, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su ma sani ba. Kuma ba kowace yarinya aka kai rigakafi tana jaririya ba. Shafa sifirit sau ɗaya cikin hayaniyar aji ba zai tsare kowa ba.

Akwai kuma abin da baƙonku bai hango ba. Ruwan da ake gwada rukunin jini da shi, shuɗi na rukunin A da rawaya na rukunin B, a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Makarantu nawa ne ke da firji, balle wuta? Na ga abin da ido a wata makaranta da na taɓa koyarwa. An yi gwajin da ruwan da ya sha zafi a cikin kabad, sakamakon wata yarinya ya saɓa da na iyayenta, ga shi an riga an koya musu yadda ake gadon rukunin jini. Kafin a tashi, ƙawayenta sun fara raɗa. Yarinyar nan ta koma gida tana kuka, sai da mahaifinta ya kai ta asibiti aka sake gwaji kafin hankalinta ya kwanta. Wa zai ɗauki alhakin irin wannan?

Alhali ga hanya mai sauƙi. Ni madara nake damawa da jar kala, in zuba a murfin kwalba. Inda aka ɗiga ruwan lemon tsami sai ta guda, ta yi ɗigo-ɗigo kamar kindirmon da ya tsinke, inda aka ɗiga ruwa zalla kuwa ba abin da zai faru. Da haka yara ke gane yadda jini ke gudawa a wajen gwaji, da abin da masanin kimiyya Karl Landsteiner ya gano a 1901 game da rukunin jini na A, B da O, ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Ko a sayo 'yar hanta a wajen mahauci, a zuba mata haidirojin ɗin wanke ciwo, su ga kumfa tana tashi. Ko su ƙirga bugun jini a wuyan hannu, kafin gudu da bayansa.

Ina roƙonku ku gayyato ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya gyara maganar nan a shiri na gaba, domin malaman ƙauye da yawa da ku suke dogaro.

Sannan don Allah wa ya ba ku shawarar mayar da shirin daf da Magariba? Muna tsakiyar sauraro ake kiran salla, kullum ƙarshensa wuce mu yake yi. Ku mayar mana da shi bayan Isha'i yadda yake a da.

Taku mai sauraro,
Wata malamar makaranta, daga Zariya.