Wasan airsoft: ku fara da bindigar haya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina karatu a Manchester, shekara guda ke nan da wani abokina ya ja ni wasan airsoft, inda ake harbin juna da bindigogin wasa masu tofo 'yan ƙwallayen roba na milimita 6. Ƙannenmu sababbin zuwa sun dame ni da tambayar wacce za su fara saya.

Ni dai garaje na yi. Na sayi ƙaramar bindiga mai aiki da gas, don kawai in rataya a ƙugu. Fiye da rabinta ma shuɗi ne shar, domin dokar Birtaniya ta 2006 ta hana sayar wa kowa mai kama da ta gaske, sai irin wanda ya yi rajistar UKARA (ƙungiyar masu sayar da kayan airsoft ta Birtaniya) bayan wasa uku cikin aƙalla wata biyu. Ranar farko a daji, cikin sanyin Janairu, harbi goma na yi ta fara huci kamar tayar da ta yi faci, ƙwallon na faɗowa gaban takalmina. Ashe sanyi yana kashe ƙarfin gas.

Ku fara da haya. In za ku saya, ku nemi babba mai batir, samfurin M4 (mai siffar bindigar sojan Amurka), kayan gyaranta birjik suke. Yawancin filaye ba sa yarda gudun ƙwallonta ya wuce ƙafa 350 a daƙiƙa. Ƙaramar ta jira, amma gilashin kare ido kada a yi masa rowa.

Kuma don Allah kada wani ya cusa bindigar a akwati in zai tafi Kano hutu.

Naku,
Wani ɗalibi daga Manchester