Ramin da bam ya haƙa, wa zai sha ruwansa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranar Laraba da daddare muna majalisarmu a Gwammaja, rediyo na kan benci kusa da mai shayi, muka ji baƙon shirinku yana cewa da bama-baman nukiliya za a iya tsaga hanyar ruwa a cika Tafkin Chadi, cikin sauri kuma da araha. Wani matashi har da ajiye kofi, wai to me ake jira? Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

An fa gwada. Amurka ta yi wani shiri mai suna Plowshare don amfani da bam ɗin nukiliya a ayyukan haƙa irin wannan. A 1962, a hamadar Nebada, bam guda ya bar rami mai faɗin kusan mita 390, zurfi kusan mita 100, iska kuma ta kwashi gubar ƙurarsa zuwa jihohi masu nisa. A 1967 suka tayar da wani a ƙarƙashin ƙasa a jihar New Mexico don buɗe wa iskar gas hanya. Gas ɗin ya fito, amma gurɓatacce, ba matar da za a kai wa ta dafa tuwo. Kowane ɗan Kantin Kwari ya san hajar da ba mai tayawa asara ce, ko da kyauta aka saro ta. Daga 1973 ba su sake ba.

Tarayyar Sobiyet ta tayar da irin waɗannan bama-bamai fiye da sau 120. Ba zan ci haƙƙinsu ba, a 1966 da bam suka kashe wutar wata rijiyar gas a Uzbekistan da ta yi kusan shekara uku tana ci. Amma tafkin Chagan da suka haƙa a Kazakistan a 1965, har yau ba a yarda da ruwansa ba.

Mu kuwa ai mun taɓa jin tsoron nan. Da Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Saharar Aljeriya a 1960, ta wajen da hunturu ke zuwa mana, Najeriya korar jakadanta ta yi a 1961. Ga kuma yarjejeniyar Pelindaba da muka sa wa hannu, wadda ta hana duk irin wannan fashewa a Afirka.

Madatsar Tiga da katafila aka gina ta zamanin Audu Bako, ga shi har gobe ana noman rani a Kura da Kadawa. Don Allah a shiri na gaba ku gayyato masanan cibiyar makamashi ta Zariya, su da ke aiki da nukiliya kullum, su yi mana lissafin da baƙonku ya tsallake.

Naku mai sauraro,
daga Gwammaja, Kano