Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Bauchi Kan Iskar Da Ke Kashe Masu Yasar Masai Da Rijiya

Mai girma Gwamna, Sanata Bala Abdulkadir Mohammed, Kauran Bauchi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu wannan takarda injiniyoyin sinadarai ne da ma'aikatan lafiyar muhalli. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani labari ne da kusan kowa ya taɓa jin irinsa. Sokawe ta cika, maigida ya kira mai yasa. Mutum ya tuɓe riga ya sauka, sai shiru. Abokin aikinsa ya leƙa ya hango shi kife, ya bi shi, shi ma shiru. Wani maƙwabci mai ƙarfin hali ya zama na uku. Ramin kuwa bai kai gaba biyu ba. A wajen zaman makoki sai ka ji ana cewa iska ce ta buge su.

Iska ce, ranka ya daɗe, amma ba wadda ake nufi ba. Sunanta haidirojin salfaid, ana rubuta ta H2S, ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana fitowa duk inda ƙazanta ta ruɓe a wurin da iskar sarari ba ta shiga: masai, sokawe, kwalbatin da ya toshe, ramin jini da tumbi na mahauta, tankin gas ɗin kashin shanu, da tsohuwar rijiyar da aka mayar juji. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, kusan da kashi ɗaya cikin biyar, don haka ba ta tashi sama. Kwanciya take yi a ƙasan rami, daidai inda mai yasa zai sunkuya ya cika bokiti.

Ana auna ta da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan. Hanci yana jin warinta tun ba ta kai ppm 1 ba. Daga 20 zuwa 50 ido ya fara raɗaɗi da hawaye, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi. Idan ta kai 100 zuwa 150 sai ta kashe jijiyar jin wari. Nan ne yaudarar take: mutum ya ji wari ya ɗauke, ya ce wa na sama ai ramin ya huce, alhali a lokacin ne ya fi muni. A 500 zuwa 700 mutum yana zubewa cikin 'yan mintuna. Daga 700 zuwa 1000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa, ko ihu ba zai samu yi ba, domin gubar tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin, tana kuma tsayar da sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa numfashi. A ɗauki rami mai faɗin mita biyu, tsawon mita biyu, zurfin mita biyu. Yana ɗaukar iska lita 8,000. Lita shida kacal ta wannan gas, wadda ba ta kai rubu'in jarka mai lita 25 ba, ta isa ta kayar da ƙato a cikinsa.

Dabarun gwaji da mutanenmu suka gada ba sa kama ta. Ana zura fitilar ƙwai ko kyandir, in bai mutu ba a ce lafiya lau. Harshen wuta ƙarancin oksijin kawai yake nunawa, kuma zai ci gaba da ci lafiya ƙalau a cikin adadin da zai kashe mutum nan take. Ga wani haɗarin kuma: ita kanta H2S tana kamawa da wuta idan ta kai kusan kashi 4 cikin 100 na iskar wurin, abokiyar zamanta, wata gas mai suna mitan, kuma tana fashewa tsakanin kashi 5 da 15. Wanda ya ƙyasta ashana a bakin sokawe yana iya ɗaga murfin kankare sama. Wasu kan zura kaza. Kazar tana gwada ramin ne yana kwance, alhali yawancin gas ɗin yana maƙale cikin laka a ƙarƙashin ɓawon da ke saman ruwa. Shebur na farko da ya fasa ɓawon nan shi ke sakin sa a lokaci guda. Shi ya sa za ka ji an ce ai ya ɗan jima a ciki yana aiki kafin ya faɗi.

Abubuwa biyu da ake zubawa a masai suna ƙara wa Borno dawaki. Kananzir ko fetur, da ake zubawa don kashe wari da kyankyasai, suna cika ramin da tururi mai kama wuta. Ruwan batir ko asid, da wasu ke zubawa wai ya narkar da bahaya, yana korar salfaid ɗin da ke narke a ruwa ya fito a matsayin gas. Wannan haɗuwar ce ke kisa a majemu na zamani, inda ruwan cire gashi mai sodiyam salfaid ya gamu da ruwan asid a magudana ɗaya. A rijiya kuwa, injin ban ruwa na fetur da ake saukarwa ciki ko a ajiye a baki yana cika ta da hayaƙin kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ko kaɗan.

Hanya mafi aminci ita ce kada kowa ya shiga. Motar zuƙa ta yi aikin daga sama, abin da ya daskare a sassauta shi da ruwa da doguwar sanda. In shigar ta zama dole, ga yadda masana'antu ke yi, kuma ba abin da ya fi ƙarfin jiha ba ne. Ana buɗe duk murafe, mai buɗewa ya ba iska baya, a kashe sigari da duk wata wuta. Sai a kawo na'ura mai auna gas iri huɗu (oksijin, gas mai kama wuta, H2S da kabon monoksaid), wadda girmanta bai wuce na wayar hannu ba. Oksijin ake fara dubawa, domin idan ya yi ƙasa, sashen da ke auna gas mai kama wuta yakan ba da amsar ƙarya. A sarari oksijin kashi 20.9 ne, in ya gaza 19.5 ba a shiga. Gas mai kama wuta kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ma'aunin fashewa, wato mafi ƙarancin adadin da zai iya kama wuta. H2S kuwa ana saita ƙararrawarta a ppm 10. Ana auna sama, tsakiya da ƙasa, a dakata kamar minti biyu a kowane mataki. Daga nan a hura iska mai tsabta da fanka mai mesa har ƙasan ramin, janareta yana can nesa ta inda hayaƙinsa ba zai biyo fankar ba. Ba a kashe fankar sai mutum ya fito, na'urar kuma tana maƙale a ƙirjinsa muddin yana ciki.

Mai shiga yana sanye da ɗamarar jiki mai zobe a tsakanin kafaɗu, an haɗa ta da igiyar ƙarfe da ke kan ƙarfe mai ƙafa uku da abin murɗawa. Igiyar da ake ɗaurawa a ƙugu ba ta wadatar ba: wanda ya suma yana lanƙwashewa biyu, ya maƙale a bakin rami, masu ja su rasa yadda za su yi. Sai mutum ɗaya a sama wanda ba shi da wani aiki sai kallon na ciki, ba a aikensa sayen ruwa, kuma ko me ya faru ba zai sauka ba. Takunkumin yadi, na asibiti, ko jiƙaƙƙen rawani ba sa tare gas. Inda adadin ya kai ppm 100, ko ba a san adadin ba, tukunyar iska ta goyo irin ta 'yan kwana-kwana ce kaɗai ake yarda da ita. Na'urar aunawa ita ma tana da nata ciwon: ana fesa mata gas ɗin gwaji kowace safiya a ga ta yi ƙara, kuma ƙwayar aunawarta kan mutu bayan kamar shekara biyu. Na'urar da ta mutu tana nuna sifili ta fi rashinta haɗari.

Batun masu ceto ne ya fi damun mu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙoƙarin ceto ne. A wajenmu abin zai fi wuya, don babu wanda zai so a ce ɗan'uwansa na mutuwa ya tsaya yana kallo. Wa'azi kaɗai ba zai hana shi sauka ba, sai an ba shi abin yi daga sama: ya murɗa igiya, ya hura iska, ya kira lambar gaggawa 112. In an fito da mutum ba ya numfashi, a fara danna ƙirji nan take, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita biyar. Kada a ɗura masa madara ko manja, huhu za su tafi. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti a sa masa oksijin, domin ruwa yana iya taruwa a huhu bayan sa'o'i.

Ga roƙonmu, ranka ya daɗe. A sa hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, ta yi wa masu yasar masai da rijiya rajista kyauta, ta horar da su, ta haramta shiga rami ba gwaji. Muka ce kyauta, domin talakawa ne masu aikin dare, in aka sa kuɗi ko tara za su ƙara ɓuya ne. Laifin karya doka ya hau kan maigida ko ɗan kwangilar da ya tura su. A ajiye na'urar aunawa, fanka, ƙarfe mai ƙafa uku da tukunyar iska aƙalla biyu a ofisoshin kashe gobara, a fara da Bauchi, Azare, Misau, Ningi, Jama'are da Dass, kafin a kai ga ƙananan hukumomi 20, tare da kuɗin canza ƙwayar na'ura a kasafin kowace shekara. Masu amincewa da zanen gini su daina sa hannu sai sokawe tana da bututun numfashi mai inci huɗu da ya zarce rufi da rabin mita, da murfi mai faɗin santimita 60. Gidan rediyon jiha da limaman Juma'a su riƙa maimaita magana ɗaya kafin damina: wanda ya faɗi a rami ba a bin sa.

Sai maganar Kolmani, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a watan Nuwamba 2022 a iyakar Alkaleri da jihar Gombe. Ba kowace rijiyar mai ke da wannan gas ba, amma duk mai haƙa yana auna shi. A Disamba 2003 wata rijiyar gas ta ɓalle a yankin Chongqing na ƙasar Sin, H2S ta kashe mutum 243, galibinsu mazauna ƙauyukan kewaye, cikin dare. Muna roƙon gwamnati ta nemi kamfanonin su bayyana sakamakon awonsu ga jiha, su kafa jiniya da tutar nuna inda iska ta dosa, su kuma zauna da masu unguwanni su koya wa jama'a cewa idan jiniya ta yi kuka, ana ratsa iska ne ta gefe a nufi tudu, ba a gangara kwari.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka,
Wasu injiniyoyin sinadarai da ma'aikatan lafiyar muhalli, Bauchi